Margaret Mead da Binciken Tashen Balaga: Tarihin Wata Tambaya



Tambayar da zan ɗora wannan lacca a kanta tsohuwa ce. Shin rikicin da yaro ko yarinya kan shiga lokacin tashen balaga, da bambancin halin da muke gani tsakanin namiji da mace, halitta ce ta kawo su, ko kuwa tarbiyya? Duk wanda zai tsara manhajar makaranta, ko ya rubuta dokar da ta shafi yara, yana aiki ne da wata amsa ga wannan tambaya, ko ya sani ko bai sani ba. Don haka zan bi tarihin wata mata da ta ƙarar da rayuwarta wajen neman amsar, wato Margaret Mead.

An haifi Mead a Filadelfiya ta Amurka a 1901. A wancan zamani ra'ayin G. Stanley Hall ne ke tashe. A littafinsa na 1904 ya ce balaga lokaci ne na hargitsi da tashin hankali, kuma haka abin yake ga kowane ɗan Adam domin daga jini yake. Franz Boas, malamin Mead a Jami'ar Columbia, bai gamsu ba, yana ganin an ɗauki halin yaran Amurka an yafa wa yaran duniya. Hanyar gwaji kuwa ɗaya ce: a je wata al'umma mai nisa a duba. Idan aka sami ko da wuri guda inda 'yan mata ke balaga ba tare da wannan hargitsi ba, to, maganar Hall ta rushe.

A 1925, tana da shekara 23, Mead ta tafi Samowa, cikin tekun Fasifik, ta yi wajen wata tara. Yawancin aikin a tsibirin Ta'u ta yi shi, inda ta nazarci 'yan mata 68 a ƙauyuka uku. Ba a gidan 'yan ƙasa ta sauka ba, a gidan wani Ba'amurke mai ba da magani ta zauna, 'yan matan suna zuwa hira wurinta. A 1928 ta fitar da Coming of Age in Samoa. Abin da ta ce shi ne, yarinyar Samowa tana tashi ne a cikin babban gida mai iyaye da yawa, in ta saɓa da wani sai ta koma gidan wani ɗan'uwa, ba a ɓoye mata haihuwa ko mutuwa, kuma da yawa kan yi soyayya a ɓoye kafin aure ba tare da abin ya zama tashin hankali ba. Saboda haka, a ganinta, hargitsin balaga al'ada ce ke haifar da shi.

Littafin ya yi kasuwa ƙwarai, amma ba ta tsaya nan ba. A 1928 zuwa 1929 ta zauna a tsibirin Manus tana nazarin ƙananan yara, har ta tara zane-zanensu dubbai. Daga 1931 zuwa 1933, tare da mijinta na lokacin, Reo Fortune, ta yi aiki a yankin Sepik na Niyu Gini, abin da ya haifar da Sex and Temperament in Three Primitive Societies a 1935. Ta ce a cikin Arapesh maza da mata duka masu sanyin hali ne, a cikin Mundugumor duka masu zafin rai ne, a cikin Tchambuli kuwa mata ne ke riƙe da kamun kifi da ciniki, maza suna ado da raye-raye. Ma'anar wannan ita ce, yawancin abin da ake kira halin maza ko halin mata koyonsa ake yi tun daga goyo. Daga baya, a Male and Female na 1949, ta ɗan sassauta, ta ba halittar jiki nata rabon. Ta yi aiki a gidan adana kayan tarihin halittu na New York tun daga 1926 har rasuwarta a 1978.

To, amma suka ba ta jira rasuwarta ba. Tun a 1939 Fortune ya rubuta cewa Arapesh suna yaƙi, saɓanin hoton da ta zana. Babbar guguwar kuwa a 1983 ta taso, lokacin da Derek Freeman na Jami'ar Ƙasa ta Ostiraliya, wanda ya yi shekaru a Samowa, ya fitar da littafi yana cewa mutanen nan suna girmama budurci matuƙa, suna da kishi da gasa da faɗa, kuma Mead ta ga abin da malaminta ke so ta gani ne kawai. A 1987 wata tsohuwa, wadda ƙawar Mead ce a 1926, ta ce ita da wata ƙawarta zolayar baƙuwar suka yi da ta tambaye su zancen samari. A kan wannan Freeman ya gina littafi na biyu a 1999.

Shi ma Freeman bai tsira ba. Martin Orans a 1996, da Paul Shankman a 2009, sun koma ga takardun da Mead ta bari. Sun nuna cewa bayananta ba daga bakin 'yan mata biyu kaɗai suka fito ba, kuma ta san halin barkwancin mutanen. Amma Orans ya nuna cewa hukuncin da ta yanke ya fi ƙarfin hujjojin da ta tara. Tun a 1954 ma Lowell Holmes ya koma Ta'u, ya tarar yawancin bayaninta na zaman jama'a daidai ne, sai dai ta zuzuta sakewar 'yan mata, ta kuma rage ƙarfin gasa a tsakaninsu. Mutanen Samowa da yawa kuwa sun daɗe suna jin zafin yadda littafin ya sa duniya ke kallon 'ya'yansu mata.

Me za mu ɗauka daga wannan tarihi? Na farko, Mead ta buɗe ƙofa. Kafin ita, masu binciken al'adu dattawa maza suka fi tambaya. Ita ta zauna da yara mata, ta ɗauki maganarsu a matsayin ilimi. Ta wannan ƙofa Enid Schildkrout, ma'aikaciyar gidan tarihin nan ɗaya, ta zo Kano a shekarun 1970, ta nuna yadda yara ke shiga inda babban namiji ba ya shiga, da yadda tallan yarinya ke haɗa matar kulle da kasuwa, ya kuma taimaka wajen tara kayan ɗaki.

Na biyu, zancen da ya shafi sirrin yarinya ba ya samuwa da tambaya ɗaya. Kunya na sa ta ɓoye, wasa na sa ta ƙara gishiri, baƙo kuwa bai san inda wasa ya tsaya ba. Wanda zai yi irin wannan aiki sai ya ƙware a harshe, ya daɗe a wurin, ya nemi yardar yara da iyayensu, ya kuma tuna cewa waɗanda ya rubuta labarinsu za su rayu da abin da ya rubuta.

Na uku, yau masana sun bar cewa halitta ce kaɗai ko tarbiyya ce kaɗai. Jiki ne ke kawo balaga, al'umma ce ke ba ta ma'ana, ta shimfiɗa mata hanya. Saura a gano rabon kowanne a wuri kaza da zamani kaza, kuma wannan aiki bai ƙare ba. An ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ina fata daga cikin ɗaliban da ke zaune a nan za a sami waɗanda za su yi wa yaranmu wannan tambaya cikin harshensu, da haƙurin sauraron amsa.