Mashaya

Daga "sha" kalmar ta fito. Bahaushe kan liƙa "ma-" a gaban aikatau ya samar da sunan wuri, kamar maƙera da marina da majema. Asalin mashaya kuwa bakin rafi ne ko tafki inda makiyayi ke kai shanu su sha ruwa.

Amma a Tudun Wadar Kano, ka ce wane ya tafi mashaya, ba wanda zai tuna da shanu. Giya ta ƙwace kalmar. Haka ma "mashayi": kowa na shan ruwa, amma ba a kiran kowa da wannan suna.

Mashayar gargajiya gidan mai dafa burkutu ce. A jiƙa dawa ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta yi tsami. Jar dawa ke ba ta duhun launi. Masu sha sukan bambanta hannun wannan mata da na waccan, yadda Turawa ke yi da baƙar giyar ƙananan kamfanoninsu.

Tun da Kano ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, an fi jin kalmar a labaran samamen Hisba.