Potiskum da Tsohuwar Hanyar Makka ta Ƙasa

Motar da ta taso daga Kano ta nufi gabas sai ta ratsa Wudil, ta bi Azare, ta faɗo Potiskum, inda za ta gamu da wadda ta fito daga Jos da Bauchi ta Darazo da Kari. A yau shanu da hatsi da siminti ne yawancin lodinsu. Amma a shekarun 1950 akwai motoci masu bodin katako da kan yada zango a garin ɗauke da maniyyata, maza da mata har da goyo, waɗanda suka ɗaura niyyar kaiwa bakin Bahar Maliya ta ƙasa, tafiyar da ta haura kilomita 3,000.

Asali ba ta nan babbar hanyar gabas take ba. Fatake da alhazan farko sun fi bin Haɗeja da Katagum, su kama gefen kogin Yobe zuwa Kukawa, fadar Shehun Borno. Rabe ya rushe Kukawa a 1893, Turawa kuma suka kafa Yerwa, wato Maiduguri, a 1907, sai hanya ta karkato kudu. A 1924 aka ɗauko hedikwatar masarautar Fika aka kawo ta Potiskum, ƙasar Ngizimawa da Karekare, garin ya zama mahaɗar hanyoyi. Jirgin ƙasa bai taɓa biyowa ta nan ba: layin arewa ya tsaya a Nguru a 1930, wanda ya isa Maiduguri a 1964 kuwa ta Gombe da Buni Yadi ya bi. Wannan ne ya bar Potiskum a hannun direbobi.

Tun kafin mota mutane ke yin gabas da ƙafa da jakuna. Mai niyya yakan biya bashi, ya bar wasiyya, ya bi gida gida yana neman gafara, domin ba kowa ke dawowa ba. Ƙaura mafi girma ita ce ta 1903, lokacin da Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya bar Sakkwato bayan zuwan Turawa, jama'a suka yi ta binsa gari bayan gari. A Burmi, kudu da Potiskum ta wajen Bajoga, sojojin Ingila suka kashe shi a watan Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar mutanen har Sudan, suka zauna a bakin kogin Nilu, a garin da har yau ake kira Mai Wurno.

Mota ta rage shekaru zuwa watanni, amma ba ta rage wuya sosai ba. A 1948 wasu attajiran Kano, ciki har da Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Ƙasim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai ta WAPA, wadda sunanta ya bi unguwar 'yan canji ta Fagge. Daga Potiskum sai Damaturu, sai Yerwa, sai Dikwa. Gaba da nan akwai baƙar ƙasa mai danƙo wadda idan ruwa ya sauka ba ta barin taya ta juya, shi ya sa ake auna tafiyar ta faɗo cikin rani. A Kusuri a ƙetare kogi a shiga Fort Lamy, wato Njamena ta yanzu, a miƙe zuwa Abeche, a tsallaka iyaka a Adre, a shiga Junaina a ƙasar Darfur.

Daga nan rairayi ke fara magana. Tsakanin Junaina da Al-Fashir da Al-Ubayyid babu kwalta, sai sawun motocin da suka riga suka wuce. Fasinjoji na zaune a kan buhunan guzurinsu, garin gero da ƙuli-ƙuli da kilishi da busasshiyar kuka, salkar ruwa na rataye a jikin bodi tana ɗiga. In mota ta kafe, kowa ya sauko. Yaran mota su tone yashi daga ƙarƙashin taya, su shimfiɗa faranti ko itace, maza su sa kafaɗa, karen mota na biye da waigi a hannu don kada ta koma baya. Wani lokaci taku kaɗan za a yi ta sake nutsewa. Ruwan da za a sha shi ne na alwala, shi ne kuma na lagireto, saboda haka taimama ta zama abin yau da kullum. Wanda ajali ya riska a hanya, a yi masa sutura a gefen sawun mota a ci gaba.

A Al-Ubayyid ake samun jirgin ƙasa zuwa Khartum, daga can zuwa Port Sudan da Sawakin, inda ake duba takardu da allurar rigakafi kafin jirgin ruwa ya ƙetara da mutum Jidda. Sai dai da yawa guzurinsu kan ƙare kafin nan. Gonakin auduga na Jazira, da aka buɗe a 1925, na neman hannu, Hausawa da Fulani da Barebari suka shiga ƙwadago da niyyar tara kuɗin jirgi. Shekara ta zama goma, aka yi aure, aka haifi 'ya'ya. Jikokinsu ne ke cike da unguwanni a Wad Madani da Gadarif da Kasala, ana kiransu Takari ko Fallata. Masanin nan ɗan Ghana, Bawa Yamba, ya rubuta littafi a kansu a 1995, inda ya nuna yadda waɗanda aka haifa a can ma ke ɗaukar kansu matafiya da ba su ƙarasa Makka ba tukuna.

Jirgin sama ne ya kashe hanyar. Tun cikin shekarun 1950 ya fara kwasar alhazai daga Kano, rikicin Chadi da ya ɓarke a 1965 ya ƙara tsoratar da masu bin ƙasa, a 1975 kuma gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa. Potiskum ba ta yi asara ba, domin sana'ar tuƙi ta riga ta yi saiwa: kasuwar shanunta na cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, tirelolin 'yan garin kuma na kai dabbobi har Legas da Fatakwal. Ɗaya ɓangaren hanyar ne ya shiga uku. Tun da yaƙi ya tashi a Sudan a Afrilun 2023, ɗaruruwan dubban mutanen Darfur sun tsere ta Adre, ƙofar da maniyyata suka riƙa shiga.

Dattawan da suka hau waɗancan motoci suna yara, ko suka yi karen mota a cikinsu, sun manyanta ƙwarai, kuma labarin yana bakinsu. Ya kamata malamai da ɗalibai na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum da na Jami'ar Jihar Yobe su bi su gida da na'urar ɗaukar murya, su rubuta zangon da aka kwana, da kuɗin mota, da sunayen waɗanda suka tafi ba su dawo ba.