Daga Asuwaki Zuwa Ƙarfen Baki

A hutun bara ɗiyar kawuna ta zo mana Korahane daga Yamai da ƙarfe a baki. Wasu ƴan ƙananan ƙarafa ne manne a kan kowane haƙori, da waya siririya da ta ratsa su. Yara suka yi ta bin ta suna cewa ta yi dariya su gani. Kakarmu kuwa ta daɗe tana duban ta, sannan ta ce: "Ke ƴar nan, wushiryar da Allah ya ba ki ce za ki biya kuɗi a toshe? A zamaninmu da ita ake samun miji!" Wannan magana ce ta sa na fara bin tarihin bakinmu.

Abu na farko da na gane, ƙarfe a baki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Mun san haƙorin Makka, na zinari ko azurfa, wanda alhazai ke dawowa da shi. Mun san fure da mata ke gogawa tare da goro har haƙora su yi ja. Wancan duk ado ne. Tsabta kuwa aikin asuwaki ce, sai gawayi ko toka wani lokaci. Asuwaki sunna ne, shi ya sa dattijo ke riƙe da shi kusan duk alwala, wato yana wanke baki sau biyar a yini ba tare da ya lissafa ba. Ko bedi da muke karya reshensa yau, asalinsa daga ƙasar Indiya ne, a zamanin Turawa ya yaɗu a nan.

Idan haƙori ya yi kogo, mutanenmu sukan ce tsutsa ce ta ci shi. Ba mu kaɗai ba, Turawa ma sun daɗe da wannan zato. A 1728 wani likita Bafaranshe, Pierre Fauchard, ya wallafa littafi a kan aikin haƙori, ya ƙi yarda da zancen tsutsa, ya ɗora laifi a kan sukari. A littafin nan kuma ya bayyana wani lanƙwasasshen ƙarfe da ake ɗaura wa haƙora don a daidaita su, kakan wanda ke bakin ƴar'uwata. A 1890 Willoughby Miller ya nuna yadda abin ke faruwa: ƙwayoyin cuta na baki suna cin ragowar sukari da gari, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon haƙori. A 1899 Edward Angle na Amurka ya kasa karkacewar haƙora gida uku, rabon da likitoci ke aiki da shi har yau.

To a nan ne tarihin ya iso ƙofar gidanmu. Kaka ta ce tana yarinya furarsu da nono kawai ake damawa, zaƙi sai an samu zuma ko rake. Yau fa? Sukari a koko, sukari a fura, alewa a ƙofar lakwal, ga shayi da ake zubawa sau uku a kowace majalisa ta ƙasar Dakoro. Duk kurɓa ɗaya sabon tsami ne, kuma miyau na bukatar kamar rabin awa ko fiye kafin ya kashe shi. Wanda ya yini yana kurɓa, haƙoransa sun yini a cikin tsami.

Mai ƙarfe a baki abin ya fi yi masa tsanani, don kowane ƙarfe lungu ne da tuwo ke maƙalewa. Cikin wata guda farin tabo na iya fitowa a gefensa, mafarin ruɓewa ke nan. Ƙarfen kuma yakan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Sai a cire, haƙora sun miƙe sambal, amma duk tabo. Kuɗi sun tafi, kyau bai samu ba.

Na ga yadda ƴar'uwata ke fama. Ta bar rake, aya da ƙuli-ƙuli don kada ƙarfen ya ɓalle. Tana goge baki da buroshi mai laushi da man da ke da sinadarin fuloraid, minti biyu, safe da dare da bayan cin abinci, sama da wayar da ƙasanta. Tana da wani ɗan tsinken buroshi da take zurawa tsakanin ƙarafan. Wata rana ta gaji, ta sha shayin dare ta kwanta haka nan. Kaka ta tashe ta: "Tashi ki wanke bakin nan. Ni da icce na riƙe nawa shekara saba'in, ke da kayan likita za ki zubar da naki?"

Ta so ma ta ba ta asuwaki, muka ce icce mai tauri zai iya ɓamɓare ƙarfen, sai in likita ya yarda. Ba ta yi gardama ba, ta ce to duk sanda aka kira salla a ɗauko buroshin. Haka aka yi har hutu ya ƙare. Ni ma tun daga lokacin na rage shayin dare, ko da yake abokan majalisa sun ce rowar sukari ce ta kama ni.