Yadda ake hana kwamfuta daskarewa yayin da take fitar da bidiyo ko zane

A ɗakunan montaj da shagunan buga alluna na Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, sau da yawa kwamfuta guda ce ke ɗauke da aikin shago gaba ɗaya. Ita ke haɗa bidiyon biki da na suna, ita ke gyara hoton katin ɗan ƙasa, ita ke buga takardun masu zuwa. Da zarar an sa ta fitar da bidiyo sai linzami ya fara cijewa, a danna abu a jira, mai shago kuma ya rasa na zaɓa: ya katse aikin da ya riga ya ci awa biyu, ko ya sallami wanda ke tsaye da kuɗi a hannu. Galibi na'urar lafiyarta lau. Rabon ƙarfinta tsakanin ayyuka ne ba a tsara ba, kuma ana iya tsara shi ba tare da sayen komai ba.

Mene ne randu?

Randu, kalmar da masu montaj suka aro daga Faransanci, shi ne lokacin da kwamfuta ke lissafa hoton ƙarshe ɗigo bayan ɗigo, ta haɗa launi, rubutu, haske da sauti zuwa fayil guda. Hoto ɗaya na bidiyon 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato ɗigo 2,073,600. A bidiyo mai hoto 25 cikin kowace daƙiƙa, awa guda na ɗauke da hotuna 90,000. Bidiyon 4K kuwa ya ninka wannan yawan ɗigo sau huɗu. Manhajoji irin su Premiere Pro, DaVinci Resolve, Blender da HandBrake an gina su ne don su kwashe duk ƙarfin da suka samu domin su gama da wuri, shi ya sa sauran ayyuka ke rasa wuri.

A fara gano inda cunkoson yake

Abubuwa huɗu ne ke iya cika: furosesa, RAM, diski da katin hoto. Kowanne da maganinsa, kuma maganin wani ba ya yi wa wani. A kan Windows na Faransanci, wanda aka fi gani a Nijar, ana danna Ctrl, Maj da Échap tare don buɗe «Gestionnaire des tâches», sannan a shiga «Performances» yayin da randu ke gudana. Abin da ya manne a kusa da kashi 100 cikin 100 shi ne tushen matsalar.

Idan furosesa ce: a rage wa randu matsayi

Windows na raba lokacin furosesa bisa matsayi, daga 0 zuwa 31, kuma aikin da ya fi matsayi shi ake fara saurara. Kusan duk manhajoji suna tashi ne a matsayin «Normale», don haka randu da Word da intanet suke kokawa a layi ɗaya. Gyaran shi ne a shiga «Détails», a nemo sunan manhajar da ke cin furosesa, a danna maɓallin dama na linzami, a zaɓi «Définir la priorité», sannan «Inférieure à la normale» ko «Basse».

Wannan ba ya rage saurin randu sosai, domin rubutu ko duba saƙo ɗan lokaci kaɗan suke buƙata, duk abin da ya rage kuma randu ke kwashewa. Idan ba wanda ke taɓa na'urar, randu na samun ƙarfinta kusan duka kamar da.

Akwai abubuwa uku da ya kamata a kiyaye. Na farko, saitin yana gushewa idan aka rufe manhajar, sai an sake shi a karo na gaba. Na biyu, wani lokaci ba manhajar montaj ce ke fitar da bidiyon ba: wanda ya tura aiki zuwa Adobe Media Encoder, ita zai nema a jerin. Na uku, kada a zaɓi «Temps réel», domin wannan matsayi na iya hana linzami da allon rubutu amsawa baki ɗaya. Masu amfani da Linux ko Mac suna da umarnin nice, inda lamba mafi girma ke nufin aikin ya ja baya ya bar wa saura hanya. A Linux lambar na tafiya daga -20 zuwa 19.

Ware zuciya ɗaya

Furosesar zamani na da sassa masu aiki a lokaci guda, waɗanda ake kira zukata. Mai zukata huɗu kan nuna layukan aiki takwas. Ana iya hana randu taɓa ɗaya ko biyu daga ciki. A Blender, manhajar zanen 3D ta kyauta da aka faro a ƙasar Holan, akwai wurin ƙayyade adadin layukan a sashen «Performance» na injin Cycles: a cire zaɓin atomatik, a rubuta 7 maimakon 8. A sauran manhajoji ana bi ta «Définir l'affinité», kusa da wurin sauya matsayi, a cire alama daga zuciya ɗaya.

Bambancin wannan hanya da ta farko shi ne zuciyar da aka ware tana zama a ware ko da ba a amfani da ita, don haka randu zai ɗan ƙara daɗewa. Shi ya sa ya fi kyau a fara da rage matsayi, idan bai wadatar ba sannan a ware zuciya.

Idan RAM ce ko diski

Idan RAM ta cika, Windows na kwashe wani ɓangaren abin da ke cikinta zuwa diski, wanda ya fi ta jinkiri nesa ba kusa ba. A nan rage matsayi ba ya amfani, domin furosesar da kanta jira take. Alamar ita ce RAM da diski duka sun cika, kowace taga kuma tana ɗaukar daƙiƙoƙi kamin ta buɗe. Sai a rufe shafukan intanet da manhajojin da ba a buƙata kamin a fara. Premiere Pro da After Effects suna da wuri a «Préférences», ƙarƙashin «Mémoire», inda ake faɗin yawan RAM da za a bar wa sauran manhajoji. Na'ura mai jiga 8 tana takura da bidiyo mai nauyi, kuma ƙara ta zuwa 16 ya fi sauya furosesa sauƙin kuɗi.

Tsohon diski mai juyawa yana da allura da ke yawo tsakanin wurin karatu da wurin rubutu. Idan Windows, ɗanyen bidiyo da fayil ɗin da ake fitarwa duk suna kansa, kowa zai jira kowa. Diskin SSD na yau da kullum na kai wajen mega 500 a daƙiƙa kuma ba shi da allura. Wanda ke da diski biyu sai ya ajiye ɗanyen bidiyo a ɗaya, ya fitar a ɗayan.

Idan katin hoto ne

Katin hoto na saurin randu, amma shi ne kuma ke zana abin da ake gani a allo. Idan ya cika, allon ne ke tsinkewa ko da furosesa na hutawa. Idan katin ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, Windows na sake tayar da shi, abin da kan sa allo ya yi baƙi na ɗan lokaci, randu kuma ya lalace. A kwamfutar tebur da ke da kati na daban da kuma ƙaramin kati cikin furosesa, ana iya jona allon a jikin babban faifan na'urar, a bar babban katin ga randu kaɗai. Furosesar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F ba ta da wannan ƙaramin kati.

Akwai kuma sashe na musamman na matse bidiyo, wanda Intel ta fito da shi a 2011 da sunan Quick Sync, Nvidia kuma a 2012 da sunan NVENC. Zaɓen «Codage matériel» wajen fitar da H.264 na mayar da wannan nauyi kansa, ya sauƙaƙa wa furosesa.

Zafi, ƙura da ɗaukewar wuta

Furosesa na rage gudunta da kanta idan zafinta ya doshi digiri 100, don kada ta ƙone. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin gari ke wuce digiri 40, ana saurin kaiwa wannan iyaka, musamman idan ƙurar hunturu ta toshe fanka. Busa ƙurar lokaci-lokaci, ɗaga kwamfutar hannu daga tebur, da barin dogon randu zuwa dare suna kawo bambanci. Kwamfutar hannu kuma kan rage ƙarfinta idan tana kan batir, don haka a bar ta a jone.

Fayil ɗin MP4 da wuta ta katse yana tsakiyar fita yawanci ba ya buɗewa, domin a ƙarshe ake rubuta bayanan da ke haɗa shi. Masu zanen 3D kan fitar da aikinsu hoto-hoto a matsayin PNG, ta yadda idan wuta ta dawo za a ɗora daga hoton da aka tsaya. Mai bidiyon biki na iya raba awa biyu zuwa kashi huɗu na minti 30, ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Ondula kuwa ƴan mintoci take bayarwa, waɗanda suka isa a adana aiki a kashe na'ura cikin tsari, amma ba za su kai dogon randu ƙarshe ba.