Dorina a Tatsuniya, Dorina a Yauri

Tun kafin boko ya shigo ƙasar Hausa dabbobi suke magana a bakin kakanni. Gizo yana ƙulla wa kura sharri, dila yana yanke hukunci a matsayin malamin daji, zaki yana zaman fada. A cikin wannan taro dorina ma ta samu rawani: ita ce Sarkin Ruwa, giwa kuma Sarkin Tudu. Tatsuniyar da ta fi fito da ita ita ce ta shekarar yunwa, lokacin da Gizo ya je wa giwa ya ce Sarkin Ruwa na neman hatsi, zai biya da doki, ya kuma gangara wurin dorina ya ce Sarkin Tudu na neman kifi, shi ma da doki zai biya. Da ranar biya ta zo, sai ya miƙa wa kowannensu bakin igiya, ya ce dokin na ɗaure a ɗaya bakin. Suka wuni suna jan juna.

Wanda ya tashi a gaɓar kogin Kwara a ƙasar Yauri, a Yelwa ko Wara ko ƙauyukan Shanga na bakin ruwa, zai ga ɓaraka a wannan labari. Dorina ba kifi take ci ba, balle ta tara shi a kwando. Ciyawa ce abincinta, da dare take hawowa tudu ta yi kiwo, kafin gari ya waye ta koma ruwa. Da ita ce ta tsara labarin, hatsin nan na giwa za ta nema wa kanta. Wanda ya ƙaga tatsuniyar mutumin tudu ne da ya san fada da haraji, sai ya mai da kifaye talakawa, dorina kuma mai karɓar jangalinsu.

Irin waɗannan labarai sun fara hawa takardar boko a hannun Turawa. A 1885 J. F. Schön ya buga Magana Hausa, kuma da yawa daga abin da ke ciki daga bakin Dorugu ya fito, yaron nan na ƙasar Damagaram da ya bi Heinrich Barth zuwa Turai. Tsakanin 1911 da 1913 Frank Edgar ya fitar da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a juzu'i uku, daga rubuce-rubucen ajami na malamai, yawanci na ƙasar Sakkwato. A 1913 kuma R. S. Rattray ya buga abin da Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da ake kira Gana a yau. Daga baya, a farkon shekarun 1970, Ibrahim Yaro Yahaya ya shirya wa 'yan makaranta Tatsuniyoyi da Wasanni. A duk waɗannan dabba tana magana, amma mai riƙe da zaren labarin mutum ne.

Abubakar Imam ne ya miƙa zaren ga tsuntsu. An haife shi a Kagara a 1911, a cikin jihar Neja ta yanzu, maƙwabciyar jihar Kebbi inda Yauri take. A 1936 aka ɗauko shi daga aikin koyarwa a Katsina zuwa Zariya, wurin Rupert East na Hukumar Talifi, ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, wanda juzu'insa na farko ya fito a 1937. Aku ne mai ba da labari, yana hana Musa ɗan sarki fita da dare don kada ya faɗa tarkon Waziri. Dabarar tsohuwa ce, asalinta daga Indiya, inda akwai littafin labarai saba'in na aku, wanda Farisawa suka sake tsarawa da sunan Tuti Nama. Imam ya yi mata wankan Hausa har ba a ganin ɗinki. Amma a duba abin da ke damun akun nan: amanar sarki, makircin fada, gasar magana da akun wata ƙasa, tarbiyyar ɗansa Fasihi. Ƙarshensa ma wazirci aka naɗa shi. Bafade ne mai fukafukai, kuma ba tsuntsun dajinmu ba ne, a keji aka kawo shi aka saye.

Haka abin ya kasance a 1975, da Bala Abdullahi Funtuwa ya mai da littafin George Orwell na 1945 zuwa Gandun Dabbobi. Dabbobi sun kori Nomau mai gandun, alade Maitumbi ya haɗiye mulki, doki Akawal ya yi bauta har ƙarfinsa ya ƙare. Duk mai karatu ya san zancen siyasar 'yan Adam ake yi, musamman a ƙasar da soja ke mulki a lokacin.

Akwai wata hanyar dabam, kuma ba baƙuwa ba ce ga masu karatun Larabci. A ƙarni na 10 Ikhwanus Safa na Basra sun rubuta ƙarar da dabbobi suka kai ɗan Adam gaban sarkin aljannu, inda jaki da sa da rago kowa ya tashi ya faɗi abin da ake yi wa jikinsa: kaya, bulala, wuƙa. A Ingila kuma, a 1877, Anna Sewell ta sa doki ya ba da tarihin rayuwarsa da bakinsa a Black Beauty, kuma ciwon linzami da nauyin keken doki su ne jigon littafin. A nan dabbar kanta ce abin magana. A ganina wannan ne ɓangaren da manyan littattafanmu suka yi wa rowa, alhali kayan aikinsa na nan jibge a Yauri.

Dorinar gaske tana da tarihi a wannan kogi, sai dai daga bakin mafarauta aka ji shi. Gungawa, masu zama a tsibirai suna noman albasa da su, da Sarkawa, waɗanda ake danganta asalinsu da masuntan Sorko na ƙasar Songai, sun daɗe suna gwabzawa da ita da zago daga cikin kwalekwale. Naman na ci ne, fatar kuma a yanka bulalar dogarai. Mutanen Yauri suna danganta asalin bikin Rigata da wannan farauta, lokacin da jarumai ke fita a jiragen ruwa su nuna bajinta. Wanda yake son ganin kamannin abin, a 1951 Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauki fim ɗin irin wannan farauta ta Sorko a yankin Ayoru, can sama a Jamhuriyar Nijar, a kan kogin nan dai.

Babban sauyi ya zo da madatsar Kainji. An fara gini a 1964, aka tsare ruwa a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a 1969, zamanin Sarkin Yauri Muhammadu Tukur. Tafkin da ya taru ya haura murabba'in kilomita 1,200, ya miƙe daga madatsar har kusa da Yelwa. Tsohuwar Busa ta nutse, tsibirin Foge ya nutse, an tayar da mutane kimanin 44,000 daga garuruwa da ƙauyuka 239 aka gina musu sababbin matsugunai. Labarin mutanen an rubuta shi, na kifi ma haka, tunda a Sabuwar Busa aka kafa cibiyar binciken tafkin, kuma an ga yadda kamun ya yi tashin gwauron zabo a farkon shekarun 1970 kafin ya faɗi warwas.

Ita kuwa dorina ba dabbar zurfi ba ce. Ruwa marar zurfi take so, inda ƙafarta ke taɓa ƙasa, da yashin da za ta kwanta a kai, da fadamar da za ta yi kiwo ba nisa. Irin waɗannan wurare ne tafkin ya fara haɗiyewa. Abin da ya rage shi ne gaɓar da ruwa ke janyewa ya bari kowace shekara, ƙasa mai danshi da albarka, wadda manomin da aka raba da tsibirinsa shi ma ita ya dogara da ita. Shinkafa ta hau inda ciyawa take. Dabbar da nauyinta ya haura tan guda, wadda ke cin ciyawa kilo arba'in ko kusa da haka a dare ɗaya, ba ta san iyakar gona ba, kuma manomin da ya wayi gari ya tarar da wahalar damina a tattake ba zai saurari dogon bayani ba. Ga kuma raga da injin jirgi a mashigarta. Macen tana ɗaukar ciki wata takwas, ɗa guda take haifa, kuma kowane masunci ya san ba a shiga tsakaninta da shi. A 2006 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta sanya dorina cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Marubucin da zai sa ta magana ba sai ya ƙago mata sarauta ba. Tsofaffin masunta na Yauri da Ngaski da Shanga sun san hanyoyinta na dare, sun san kukanta, sun san alamar da take yi kafin ta afka wa jirgi. Su ne ma'ajiyar wannan ilimi, kuma waɗanda suka san kogin kafin 1968 suna ta raguwa.

A 2024 wata dorina ta kashe wani masunci mai yi wa Sarkin Yauri aiki. Tsoro ya hana mutane da yawa zuwa gonakin bakin ruwa da kamun kifi, gwamnatin jihar Kebbi ta ba da umarnin a kashe ta. Manoma da masunta suka yi makonni suna bin sawunta, har a watan Oktoba suka cim mata da zago, ita da ɗanta. Aka jawo ta gaɓa, aka fede, aka raba naman, gari ya yi murna. Masu kare namun daji kuwa suka yi tir, suna cewa kamawa ya kamata a yi a mai da su wani wuri, tunda dorinar da ta rage a Nijeriya ba ta da yawa.