Fuska da Harshe: Wakilci a Katun ɗin Almara da Yaran Khartoum da Omdurman Suka Taso da Shi

Katun ɗin almara ya fara shiga gidajen Khartoum ne ta gidan talabijin na ƙasa da ke Omdurman, wanda ya soma aiki a 1962, kuma kusan dukkansa baƙo ne. Daga cikin waɗanda suka yi fice akwai labarin Sindbad, wanda kamfanin Nippon Animation na Japan ya fitar a 1975, aka ɗora masa muryoyin Larabci, ya karaɗe ƙasashen Larabawa. Sindbad yaro ne ɗan Bagadaza, yana yawo da tsuntsuwa mai magana, Yasmina, da abokinsa Ali Baba da tsoho Ala'uddin. A ido, wannan wakilci ne: ga rawani, ga kasuwa, ga sunaye na gida. Sai dai hannun ɗan Japan ne ya zana shi, farin yaro mai manyan idanu, wanda bai yi kama da yawancin yaran da ke zaune gaban akwatin a Omdurman ba.

Zuwan tashar Spacetoon a 2000, ta tauraron ɗan'adam, ya faɗaɗa kasuwar amma bai sauya wannan ba. Tashar ta kasa shirye-shiryenta zuwa duniyoyi, ta ware Zumurruda ga 'yan mata. An ba su ɗaki nasu ke nan, ba a shigar da su tsakar labarin jarumta ba. Muryoyin kuwa, waɗanda akasarinsu a Siriya aka ɗora, Larabcin littafi ne tsantsa. Hakan ya taimaki yara a makaranta, babu musu. Amma yaro ba ya jin Larabcin titin Sudan a bakin jarumi, balle Nubiyanci ko harshen Beja ko na Fur, ko Hausar jikokin alhazan da suka yada zango a ƙasar kan hanyarsu ta zuwa Makka.

Sudan ta riga ta warware matsalar fuska, amma a takarda. Mujallar yara ta Al-Sibyan, wadda ta fara fitowa a 1946, tana da gwarzonta na barkwanci, Ammak Tango, wanda Sharhabil Ahmed, mawaƙi kuma mai zane haifaffen Omdurman, ya daɗe yana zanawa. Tango baƙar fata ne, shigarsa ta gida, shirmensa ma na gida. Wannan gado bai rikiɗe ya zama masana'antar katun ba, domin zane mai motsi na cin kuɗi da ma'aikata masu yawa, sayen na waje kuma ya fi arha nesa ba kusa ba.

Sabbin ayyukan Afirka sun ɗauki wata hanya. Iyanu, wanda Cartoon Network ta fara nunawa a 2025, an gina shi kan littafin zane na Roye Okupe: marainiya mai baiwa a wata daula ta almara da aka ciro daga al'adun Yarabawa, kuma 'yan Najeriya ne suka yi muryoyin. Ya ba yarinya baƙa jagorancin labari, abin da Zumurruda ba ta yi ba. Duk da haka da Turanci aka shirya shi, ƙasarsa kuma ta Yarabawa ce, don haka ɗan Khartoum zai ga launinsa a ciki amma ba zai ji harshensa ba. Samar da na gida ya ƙara wuya tun Afrilun 2023, lokacin da yaƙi ya ɓarke, dakarun RSF masu yaƙar sojojin ƙasar suka mamaye harabar gidan rediyo da talabijin na Omdurman, har zuwa Maris 2024 da sojoji suka ƙwato ta.