Ranar da Barewa Ta Zama Doki a Fadar Qin

Sinawa suna da wani karin magana mai kalmomi huɗu, zhi lu wei ma, ma'ana a nuna barewa a ce doki ce. Suna jefa shi ga wanda ya murɗe gaskiya da gangan, ido na ganin ido. Da na fara jin sa na ɗauka labarin wani maƙaryaci ne maras dabara, don wa zai ruɗe tsakanin barewa da doki? Sai da na bi tarihin na gane ba dabbar aka je tantancewa ba.

A shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarki Qin Shi Huang, wanda ya haɗe ƙasar Sin wuri guda, ya rasu yana kan rangadi. Wani bafade mai suna Zhao Gao ya haɗa baki da waziri Li Si suka ɓoye mutuwar. Lokacin zafi ne, gawa ta fara wari, sai suka sa aka loda kifi mai gishiri a cikin ayarin don warinsa ya rufe nata. Suka ƙirƙiri wasiƙa da sunan mamacin, tana umartar babban ɗansa Fusu ya kashe kansa, suka naɗa ƙaninsa Huhai, wanda Zhao Gao ne malaminsa. Bayan shekara 2 Zhao Gao ya sa aka kashe Li Si a kasuwar Xianyang, ya hau kujerarsa.

Saura abu ɗaya: bai san su wa za su tsaya masa a fada ba idan ya tashi yin wanda ya fi wannan. A shekara ta 207 ya jawo barewa gaban sarki, ya ce ga doki ya kawo kyauta. Huhai ya yi dariya, ya ce ai waziri ya yi kuskure, ya juya ya tambayi fadawa. Wasu suka sunkuyar da kai suka yi gum. Wasu suka ce doki ne. Kaɗan suka ce barewa ce, kuma waɗannan Zhao Gao ya bi ɗaya bayan ɗaya, ya laƙa musu laifuffuka a ɓoye.

Babu wanda aka ruɗa a zauren nan sai mutum ɗaya. Fadawa sun san abin da suka gani, sun kuma san abin da ake tambayarsu. Huhai ne ya koma yana zargin idonsa, har ya kira masanin duba ya bincika masa ko hankalinsa ne ya taɓu. A ganina nan ne muguntar take. An raba sarki da duk wanda zai gaya masa gaskiya, alhali tawaye ya riga ya ci gabashin ƙasar tun shekara ta 209, waziri kuwa yana ta ce masa 'yan fashi ne kawai.

Mun san labarin ne daga Sima Qian, wanda ya rubuta shi kusan shekara 100 daga baya, a ƙarƙashin daular Han da ta gaji Qin. Mai karatu ya riƙe wannan, don wanda ya gaji gida ba kasafai yake yabon wanda ya fita ba.

Ƙarshen bai ɗau lokaci ba. A cikin shekarar nan ta 207 surukin Zhao Gao ya shiga fadar Wangyi da sojoji, aka tilasta wa Huhai ya kashe kansa. Zhao Gao ya naɗa Ziying, Ziying kuma ya yi ƙaryar rashin lafiya, da wazirin ya zo kiransa aka soke shi har lahira. Kwana 46 Ziying ya yi a kan karaga kafin ya miƙa wuya ga Liu Bang.